Yaya Za A Auna Bayanin Da Ake Yi Wa Mataimakan Na'ura?

Duk mai bibiyar al'amuran kwamfuta ya san cewa manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun wuce matsayin hira da amsa tambaya. Tun watan Yuni na 2023, da kamfanin OpenAI ya buɗe wa manhajarsa hanyar kiran wasu manhajoji, mataimakan nan suka fara aika saƙo da binciken rumbun bayanai a madadin mutane. A watan Nuwamba na 2024 kuma kamfanin Anthropic ya fito da ƙa'idar MCP domin haɗa mataimaki da kayan aiki, wadda OpenAI da Google suka runguma a 2025.

Abin da ya ja hankalina a matsayina na ɗalibin ilimin harshe shi ne, kowane kayan aiki yana zuwa ne da suna, da ɗan bayani cikin harshen mutane, da guraben da za a cike. Mataimakin ba ya ganin cikin kayan. Wannan rubutu kaɗai yake karantawa ya yanke shawarar wanda zai ɗauka da abin da zai zuba a ciki. Ashe ke nan ingancin aikin ya rataya a kan jimla biyu ko uku da wani injiniya ya rubuta, wataƙila a gurguje.

A 1975 masanin falsafar harshe Paul Grice ya bayyana sharuɗɗa huɗu na zance mai ma'ana: a faɗi gwargwadon buƙata, a faɗi gaskiya, a tsaya kan batu, a guje wa harshen damo. Sai dai Grice ya gina ra'ayinsa a kan mai magana da mai sauraro da suka yi tarayya a sanin yanayi. Yaron shago da aka ce ya kawo "na jiya" ya san abin da ake nufi, don da shi aka yi jiyan. Mataimakin na'ura kuwa baƙo ne, kuma sau da yawa zato yake cike giɓi da shi maimakon tambaya. Ɗauki gurbin da aka rubuta wa "adadin kuɗi" kawai. Akwai manhajojin biyan kuɗi a Najeriya, irin su Paystack, da kobo suke ƙirga, don haka in bayanin bai faɗa ba, mai nufin biyan naira 5,000 zai tarar naira 50 aka tura. Irin wannan saɓanin ne a kan ma'auni ya janyo wa hukumar NASA asarar kumbonta a duniyar Maris a 1999, alhali mutane ne ƙwararru a kowane ɓangare.

To, da me za a auna? Hanya mafi sauƙi, wato a ba mutum ko wata manhaja ta karanta bayanin ta ba shi maki, ba ta gamsar da ni ba, domin daɗin karatu daban, shiryar da mai aiki daban. Jadawalin da masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fara a 2024 kuwa, mataimakan yake gwadawa, ba bayanan ba. A ganina dabarar masu nazarin sauti ce ta dace. Yadda muke jera "baki" da "baƙi" mu gane cewa sauti ɗaya ne ya sauya ma'ana, haka ya kamata a riƙe mataimaki ɗaya da buƙatu iri ɗaya, a sauya jimla ɗaya tak a bayanin, sannan a ƙirga sau nawa ya ɗauki kayan da ya dace, ya cike gurbi daidai, ya kuma janye hannu inda babu kayan da ya dace. Wani lokaci ma maganin ba ƙarin kalmomi ba ne. A Disamba 2024 Anthropic ya bayyana cewa mataimakinsa ya riƙa kuskuren wurin da fayil yake, har sai da aka gyara kayan ya zama ba ya karɓar komai sai cikakken adireshi.

Bugu da ƙari, bayani yana iya fita sarai amma ya zama tarko. A Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna yadda ake cusa ɓoyayyen umarni a cikin bayanin kayan aiki, mataimaki ya karanta ya bi, ya kwashe bayanan sirri, mai na'urar bai ga rubutun ba. Duk awon da ya tsaya kan fahimta bai tambayi gaskiyar bayanin ba, zai ba irin wannan maki mai yawa.

Bankuna da ma'aikatun da ke shirin sa mataimakan nan gaban jama'armu suna da ƙarin aiki. Galibin bayanan da Ingilishi ake rubuta su, buƙatar kuwa da Hausa za ta zo. Kafin a amince da kowane kayan aiki, a sa a cikin gwajin mai cewa a tura kuɗin "gata", ko a sa masa ganawa "bayan la'asar", a ga ranar da sa'ar da mataimakin zai rubuta a gurbin.