Ku Fitar Da Kafur Daga Akwatin Jariri

Iyaye mata, kakanni, gwaggwanni, da ku nake. Tun ciki yana wata bakwai kuka tara riguna da shawul da huluna, kuka ninke, kuka watsa ƙwallayen kafur a akwati don gudun kyankyasai. Ranar haihuwa kuka zaro su wari na tashi, kuka naɗe jinjiri a ciki, wai tsafta. A cikin guba kuka naɗe shi.

Akasarin fararen ƙwallayen nan na kasuwa da naftalin ake yin su. Yana bin iska ya shiga ta hanci, yana kuma ratsa fatar jariri, balle an shafe ta da mai. Daga nan sai jini. Jar ƙwayar jini kwana 120 ne rabonta a jikin babba, ta jariri ma ba ta kai haka ba, kuma ba ta iya ƙera wa kanta sabon kayan gyara. Abin da ta fito da shi daga ɓargo, da shi za ta ƙare. Garkuwarta wani sinadari ne mai suna G6PD, wanda ke sarrafa sukari ya samar mata da abin kare kai daga ƙunar guba. Kimanin mutum miliyan 400 a duniya da ƙarancinsa aka haife su, kuma ya fi yawa a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, irin namu. Ɗa namiji daga uwarsa yake gadonsa, ita kuwa ga ta garau, ba ta ma san tana ɗauke da shi ba.

Irin wannan yaro in ya shaƙi kafur, sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin ƙwayoyin jininsa sai ya lalace ya dunƙule, ƙwayoyin su yi ta fashewa. Dattin fashewar, mai ruwan ɗorawa, ya fi ƙarfin hantar ɗan kwana uku. Ido ya canza, fata ta canza.

A nan laifinku na biyu yake, kuma ya fi na farko ciwo. Kun ga shawara ƙuru-ƙuru, sai ku ce a nuna shi ga hantsi, a ɗura masa jiƙo ko ruwan gulukos, a bari sai bayan suna. Ana lissafin rago da goro, dattin nan yana hawa ƙwaƙwalwa. Yaro ya ƙi nono, kukansa ya tsananta, ya sanƙare baya. In ya rayu, yana iya tashi kurma, ko ya kasa zama da tafiya har abada. Sai ku ce iska ce ta taɓa shi. Wace iska? Ga ta nan a akwatinku.

Kai ma maigida, kada ka sunkuyar da kai. Tarayyar Turai ta haramta wannan kafur tun 2008, kai kuwa ka sayo ƙulli ka miƙa da hannunka.

Duk jaririn da idonsa ya yi ruwan ɗorawa, a kai shi asibiti a ranar, a auna jini, a sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila tun kafin ta kai ga canjin jini. Kayan da suka kwana da kafur kuwa, wanki ɗaya ba ya fitar da shi. A wanke, a shanya a rana da iska kwana da kwanaki, in da sauran wari kada su taɓa jikin yaro.