Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnonin Jihohin Arewa

Masu girma Gwamnoni,

Na rubuto ne kan harajin da ake tatsa a hanya daga kayan gona. Motar tumatir da ta tashi daga Kadawa, ko ta albasa daga Aliero, ba ta isa kasuwar Mile 12 a Legas sai an tare ta a shinge bayan shinge. Wannan ya ce kuɗin ƙaramar hukuma, wancan ya ce na kayan amfanin gona, wani kuwa sanda kawai ya riƙe da katako mai ƙusoshi. Tumatir kuma ba ya jira. Rana tana dukansa a kwando yana zubar da ruwa, direba na can yana ciniki.

Dokar haraji ta 1998 ta haramta kafa shinge a hanya don karɓar haraji. Me ya hana a yi aiki da ita?

Abin da ya fi ciwo, yawancin kuɗin nan babu rasit. Kullum ana ce wa manomi ya yi rajista, ya riƙe littafin shiga da fita don banki ya ba shi rance. To, a wane shafi zai rubuta abin da aka karɓa ta tagar mota? Ƙarshe ɗan kasuwa ya zabtare shi daga farashin da zai saya a gona, manomi ya rage ladan 'yan ƙwadago.

Ba mu ƙi biyan haraji ba. Ku tsayar da shi wuri guda, a wurin lodi, da rasit ɗin da kowace jiha za ta amince da shi. Ku taimaka ku kwashe shingayen nan kafin kaka.