RA'AYINMU: Kasuwa Ba Ta Zama Lafiya Sai Da Mudu Ɗaya

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayar da mimori a unguwar Tayuri ta birnin Sabha, ko a tashar Agadas, ya san irin wannan rigima. Direba zai sayi kati mai giga 64, a cika masa shi da karatun Alƙur'ani da wa'azi da finafinan Hausa, ya kama hanyar Gatrun zuwa Dirku, sai can tsakiyar sahara rediyon motarsa ya ƙi karanta katin. In ya dawo bayan wata guda, ba zai zargi kowa ba sai wanda ya sayar masa, alhali kuwa sau da yawa katin lafiyarsa ƙalau.

Asalin matsalar ita ce yadda ake tsara bayanai a cikin kati. Kamfanin Microsoft, mai manhajar Windows, ya fito da wani tsari mai suna exFAT a 2006, sannan a 2009 ƙungiyar masu ƙera katin SD ta ɗauke shi a matsayin tsarin duk katin da ya haura giga 32. To amma tsarin mallakar kamfanin ne, duk mai ƙera waya ko rediyo da ke son na'urarsa ta karanta irin wannan kati sai ya biya kuɗin lasisi. Masu ƙera kaya masu araha, waɗanda su ne suka cika kasuwanninmu, da yawansu sai suka tsaya a kan tsohon tsarin FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai giga 4.

Sai a watan Agusta na 2019 Microsoft ya bayyana wa duniya yadda tsarin yake, ya kuma amince a sanya shi cikin Linux, manhajar nan ta kyauta da kowa ke iya dubawa ya gyara, wadda a kanta aka gina Android. Haka shi ma kamfanin Apple, bayan shekara 11 yana tilasta wa jama'a cajarsa ta daban da ya fito da ita a 2012, ya koma wa bakin caja na USB-C a kan iPhone 15 a watan Satumba na 2023.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan kamfanoni ba tausayin talaka ne ya sa suka sassauto ba. Apple ya sauya ne bayan Tarayyar Turai ta kafa doka a 2022 cewa daga 28 ga Disamba 2024 duk sabuwar wayar da za a sayar a ƙasashenta sai ta zo da USB-C. Microsoft kuwa ya ga yadda Linux ya mamaye wayoyi da manyan kwamfutocin intanet. Wannan darasi ne da iyayenmu suka daɗe da sani: ranar da kowane mai hatsi ya zo kasuwa da nasa mudun, awo ya lalace, amana ta tafi, shi ya sa ake naɗa sarkin kasuwa.

Sai dai kada wani ya ɗauka an gama. Tsofaffin rediyoyin mota da ƙananan wayoyi da aka ƙera a kan tsohon tsari ba za su sauya hali ba, kuma irinsu na nan birjik daga Sabha har Kano.

Don haka muna kira ga 'yan kasuwarmu da su kiyaye abubuwa uku. Na farko, a gwada kati a cikin na'urar mai saye tun bai bar gaban shago ba, in ta ƙi karɓa a ba shi mai giga 32 ko ƙasa da haka. Na biyu, masu sarin caja su rage jibge tsohuwar cajar iPhone, domin in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma kayan da suka kwanta jari ne ya mutu. Na uku, kafin a biya dila, a tambaye shi ko na'urar tana karanta babban kati, kuma wane irin bakin caja gare ta.

Haka nan muna kira ga hukumomin kula da ingancin kaya na Nijeriya da Nijar da Libiya da su duba abin da Turai ta yi. Idan dokar wasu ta iya tanƙwara kamfanin da ya fi ƙarfin aljihun ƙasashe da dama, babu dalilin da zai sa kasuwanninmu su zama jujin zubar da kayan da aka daina karɓa a can. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ma suna da bakin magana, tunda su ke zaɓen abin da zai hau mota ya ƙetare iyaka.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kuma tsare matafiya.