MAKILIN: FARI MUKE NEMA KO LAFIYA?

Duk wanda aka taɓa aika shago ya san in ana son man goge baki, cewa ake yi, "Ba ni makilin." Ko da wani kamfani daban ne ya yi shi, sunansa makilin, kamar yadda kowane garin sabulu ya zama omo a bakinmu. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa wannan kalma asalinta sunan mutum ce. Ina so in kawo tarihinta a taƙaice, sa'an nan in faɗi ra'ayina a kan wata ɗabi'a da ta fara yaɗuwa a ɗakunan kwananmu.

A shekarar 1919 wani mutum mai suna Alex C. Maclean ya kafa kamfani a Ingila, ya sa masa suna Macleans. Da farko aikinsu shi ne haɗa magunguna da mayuka domin masu kemis, su kuwa su manna sunayensu su sayar. A 1927 kamfanin ya fito da nasa man goge baki mai ɗauke da sinadarin feroksaid, wanda ake lissafawa cikin na farko da aka tallata da alkawarin faranta haƙora. Tallarsu ta yi suna ƙwarai a Ingila, domin tambayar mutum take yi ko ya yi Maclean a yau, wato sun mayar da sunan kamfani ya zama sunan aikin goge baki. Abin da suka yi da gangan a Turanci, mu ma mun yi musu shi kyauta a Hausa.

Kamfanin Beecham ya saye Macleans a 1938, shi ne kuma daga baya ya riƙa sayar da shi a Nijeriya. Beecham ya haɗe da wani kamfanin Amurka a 1989 suka zama SmithKline Beecham, a 2000 aka sake haɗewa aka sami GlaxoSmithKline. A 2022 aka ware sashen kayan tsabtar baki da ƙananan magunguna ya zama kamfani mai zaman kansa, Haleon, Macleans ya koma hannunsa tare da Aquafresh da Sensodyne. A 2023 kuma GlaxoSmithKline ya ba da sanarwar rufe reshensa na Nijeriya, ya bar wa 'yan kasuwa aikin rarraba kayansa. A tsawon wannan zamani sun fitar da kaya iri-iri: mai ƙamshin na'ana'a, da mai faranta haƙora, da na ƙananan yara, da ruwan kurkure baki. Iyayen gida sun yi ta sauyawa, amma alkawarin fari yana nan a jikin kwali.

To, me wannan alkawari yake iya cikawa? Malamin kimiyya ya koya mana cewa haƙori hawa-hawa ne. A waje akwai ɓawo mai ƙyalli, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai launin ɗorawa-ɗorawa, wanda yake ɗan bayyana ta cikin ɓawon. Shi ya sa lafiyayyen haƙori ba ya yin fari fat kamar alli. Man faranta haƙora yana ɗauke da wani gari mai laushi, yawanci silika, wanda yake kankare dattin da goro da shayi da taba suka bari a saman ɓawon. Wannan aiki yana yinsa, ba na musu. Amma launin da aka halicci haƙori da shi, buroshi ba ya kai wa gare shi. Ko man da aka sa wa feroksaid, ɗan kaɗan ne a ciki, kuma minti biyu kawai yake yi a baki a tofar.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A ɗakinmu akwai wani yaro da haƙoransa suke da ɗigo-ɗigon ja tun da suka fito. Tun daga aji ɗaya ake tsokanarsa, ana ce masa maci goro, alhali bai taɓa cinsa ba. Har ya daina dariya a cikin mutane, in zai amsa tambaya a aji sai ya kare baki da hannu. Ya kashe kuɗin kashewarsa na zango guda wajen sayen man da aka rubuta wa fari, bai ga canji ba. Sai wani ya ba shi shawara ya riƙa dirza lemon tsami da gawayi kowace safiya. Bayan 'yan makonni ya kasa shan ruwan randa, domin da sanyi ya taɓa haƙoransa sai ya ji kamar an soka masa allura. Da aka kai shi asibiti, likitan haƙori ya ce jan nan daga ruwan rijiyar garinsu ne, wanda sinadarin fuloraid ya yi wa yawa, ya shiga haƙoran tun suna cikin dasashi. Irin wannan sananne ne a wasu wurare kamar Langtang ta Jihar Filato. Ya kuma ce tsamin lemo ya cinye masa ɓawo, shi kuwa ɓawon haƙori in ya tafi ba ya sake tsirowa. Garin gyaran gira, ya kusa rasa ido. Mu da muka yi masa dariya muna da kaso a cikin wannan laifi.

Wani zai ce, ai son fari ba aibi ba ne, kowa yana son ya buɗe baki a ga haske. Gaskiya ne, tsabta abar so ce. Amma mu tambayi kakanninmu mata: a zamanin 'yan matancinsu furen taba da goro suke gogawa har haƙora su yi jawur, kuma a lokacin wannan shi ne ado. Ashe abin da ido yake kira kyau yana sauyawa. Ciwon haƙori kuwa, yadda ya hana mutanen dā barci haka yake hana na yau. Haƙori yana iya yin fari tas a gaba, alhali kogo yana cin turmin da ke baya.

A nawa ra'ayi, abin da ya fi daraja a cikin makilin ba shi ne ake rubutawa da manyan baƙaƙe ba. Fuloraid ɗin nan da ya ɓata haƙoran abokinmu saboda yawansa a ruwan sha, shi ne in an auna shi daidai a cikin man yake ƙarfafa ɓawo ya hana kogo. Saboda haka ina roƙon iyayenmu, in za a saya, a juya bayan kwali a duba. Na manya yakan ɗauki adadi tsakanin 1,350 da 1,500, mai araha da mai tsada kuwa aikinsu ɗaya ne in adadin ya yi daidai. Yaro ɗan shekara 3 zuwa 6 kwatankwacin ƙwayar wake ta ishe shi, a kuma kula kada ya haɗiye. A goge sau biyu a rana, musamman kafin a kwanta, a tofar ba tare da yawan kurkurewa ba. Kada kuma mu raina asuwaki, wanda ya riƙe bakin iyayenmu tun kafin a haifi Maclean. Yana cire saurar abinci da rana, a lokacin da buroshi yake cikin akwati.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, mu bar lemon tsami a cikin zoɓo, mu bar gawayi a murhu. Wanda launin haƙoransa ya dame shi ya je wurin likita, kada ya bi shawarar ɗakin kwana. Mu kuma daina yi wa mutum dariya a kan ruwan da ya sha yana jariri. Abokin namu yanzu ya fara sakin fuska, amma har yau sai ya bar ruwa ya huce sanyi kafin ya sha. Allah ya ba shi lafiya, ya kiyaye mana namu, amin.