Kujeru 484 Cikin 484: Zaɓe Ne Ko Naɗi?

Ranar Asabar 26 ga Oktoba, 2024, aka ce wa mutanen Na'ibawa, da na sauran mazaɓun ƙaramar hukumar Kumbotso, su fito su zaɓi kansilansu da shugaban ƙaramar hukumarsu. Kafin gari ya waye, shugaban hukumar zaɓe ta jihar Kano, wato KANSIEC, Farfesa Sani Lawan Malumfashi, ya shelanta wa duniya cewa jam'iyyar NNPP ta lashe kujerun shugabannin ƙananan hukumomi 44 cikin 44, da na kansiloli 484 cikin 484. Ko kujera ɗaya ba ta kuɓuce ba. Daga Doguwa har Kunchi, daga Sharaɗa har Challawa, wai bakin Kanawa ya zo ɗaya kamar an yi musu wahayi.

Da a ce wannan ne karo na farko, da sai mu ce farin jini ne, mu taya su murna. To amma mai karatu ya biyo mu baya kaɗan. A watan Nuwamban 2013 Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya bar PDP ya koma APC, a watan Mayun 2014 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, APC ta cinye duka. Ranar 10 ga Fabrairu, 2018, zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, APC ta sake cinye 44 da 484, kuma a wannan zaɓen ne hotunan yara ƙanana suna dangwala ƙuri'a suka zagaya ƙasa, har hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta kafa kwamitin bincike. Ranar 16 ga Janairu, 2021, aka maimaita: 44 da 484. Sai 2024, zamanin Gwamna Abba Kabir Yusuf, lambobin suna nan yadda suke, sunan jam'iyya kawai aka canza. Zaɓe huɗu, gwamnoni uku, sakamako ɗaya: duk jam'iyyar da ke Gidan Gwamnati ita ke kwashe komai.

Shin haka Kanawa suke? Wannan jihar da aka sani da gardamar siyasa tun zamanin NEPU da NPC, jihar da 'yan santsi da 'yan taɓo suka raba gida ɗaya biyu? Lissafi ma ya ƙaryata hakan. A zaɓen gwamna na 2019, Ganduje ya sami ƙuri'u 1,033,695, Abba ya sami 1,024,713. Ratar ba ta kai dubu tara ba. Ba a cika shekara biyu ba, aka ce mana mutum miliyan guda ɗin da suka bi Abba ba su da kansila ko ɗaya a faɗin jihar. A 2023 Abba ya sami 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC ya sami 890,705. Bayan wata goma sha tara, su ma waɗannan dubu ɗari takwas da casa'in ɗin suka wayi gari ba su da wakili ko a mazaɓa guda. Ina suka shiga? Ƙasa ce ta haɗiye su?

Za a ce mana ai 'yan hamayya ne suka ƙaurace wa zaɓen. Gaskiya ne, 'yan Kwankwasiyya na PDP sun ƙaurace a 2021, APC ba ta shiga ba a 2024. Amma me ya sa duk wanda ya sami kansa a hamayya yake gudun wannan zaɓe? Saboda ya san yadda ake yin sa, don shi ma ya taɓa riƙe wuƙa da nama. Wanda ya yi kukan maguɗi a 2021 shi ya yi bikin nasara a 2024, wanda ya yi biki a 2021 shi ya garzaya kotu a 2024. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Saboda haka wannan rubutu ba mu yi shi don jar hula ba, ba mu yi shi don masu tsintsiya ba. Dukkansu sun ci daga ƙwarya ɗaya.

Dubi yadda aka yi wa talaka shinge tun kafin a buga gangar kamfen. KANSIEC ta sa kuɗin takardar takara naira miliyan 10 ga mai son shugabancin ƙaramar hukuma, miliyan 5 ga mai son kansila. Da aka kai ƙara kotu ta hana, sai aka rage miliyan ɗaiɗai: 9 da 4. A shekarar nan ta 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70 a wata. Ke nan leburan da ke aiki a wata majema a Challawa, ko masana'antar roba a Sharaɗa, idan ma ana biyan sa wannan albashin cif, sai ya tara na wata 57, kusan shekara biyar, bai ci ba bai sha ba, bai biya haya ba, kafin ya sayi takardar neman kansilan unguwarsu. Malamin firamare fa? Mai tura baro a kasuwar 'Yan Lemo fa? Mai yankan katako a 'Yan Katako fa? An kore su daga fage tun kafin a busa usur. Wanda ya rage shi ne mai ubangidan da zai biya masa, kuma Bahaushe ya riga ya yanke hukunci: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Shi ya sa kamfen ɗin zaɓen ƙaramar hukuma a wajenmu ba a bakin masallaci ko majalisar unguwa ake yin sa ba. A falon manya ake yin sa. Mai son kujera ya san wanda zai bi ya durƙusa wa, ya kuma san ranar da sunansa ya fito a takardar maslaha, ranar ya ci zaɓe. Abin da ke biyo baya, fastoci a jikin gadar Na'ibawa, da lasifika a bayan a-kori-kura, da mawaƙa, duk shagalin biki ne bayan an riga an ɗaura aure. A fasta ma hoton ubangida ya fi na ɗan takara girma, don kowa ya san wa ake zaɓa.

Sai kuma wasan kotuna. Kwana huɗu kafin zaɓen, Babbar Kotun Tarayya da ke Kano, ƙarƙashin Mai shari'a Simon Amobeda, ta rushe shugabannin KANSIEC bisa hujjar cewa 'yan jam'iyya ne, ta hana su gudanar da zaɓe. Ana jajibiri wata Babbar Kotun Jiha ta ce a yi. 'Yan sanda suka ce su umarnin kotun tarayya za su bi. Aka yi zaɓe a haka. A 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin Amobeda, ta ce kotunsa ba ta da hurumin sauraren ƙarar. Doka ta yi halinta, mun ji mun karɓa. Amma hurumi daban, tambayar da ke ran talaka daban: alƙalin wasan da gwamna ya naɗa, majalisar da jam'iyyarsa ta mamaye ta amince da shi, baitulmalin jiha ke biyan sa, zai iya busa wa gwamna usur?

Wani zai ce, to mene ne abin ɗaga jijiyar wuya a kan kujerar kansila? A nan ne muke son mai karatu ya nutsu. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, kwashe shara, magudanan ruwa da hanyoyin cikin unguwa, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sa wa tituna suna da gidaje lamba, tare da sa hannu a harkar makarantun firamare da ƙananan asibitoci. Duk abin da ke damun mutumin Na'ibawa daga safe zuwa dare yana cikin wannan jeri. Ruɓaɓɓen lemo da kankana da ke taruwa a bakin kasuwa, kwatar da ke toshewa duk damina, ajin da yara suka cika shi har bakin taga, ɗakin shan maganin da babu magani. Ruwan dagwalon majemu da ya shafe shekaru yana gangarawa kogin Challawa daga Challawa da Sharaɗa, da na Bompai da ke bin rafin Getsi zuwa Jakara, ba ƙaramar hukuma ce ke da ikon hukunta masu zubar da shi ba, amma kansila ne muryar farko da ya kamata ta yi ihu a madadin manoman da ke ban-ruwa da shi. Kansilan da bai ga ƙuri'arka a ranar zaɓe ba, don me zai ga kwatarka?

Ga kuma maganar kuɗi, wadda ita ce uwar tafiyar. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma kantomomin riƙo haramtattu ne. Nan da nan gwamnonin da suka shekara suna jan ƙafa suka tashi da azama. Bauchi ta yi zaɓe a Agusta, PDP ta kwashe shugabanni 20. Sakkwato a Satumba, APC 23. Jigawa da Kaduna a Oktoba, APC 27 da 23. Ko'ina jam'iyyar gwamna ce. Kotu ta ce ba a yarda da kantoma ba, sai aka sa wa kantoma rigar zaɓe. A watan Janairun 2026, da Gwamna Abba ya bar NNPP ya koma APC, aka sanar da cewa shugabannin nan 44 duk sun bi shi. Wa suka tambaya a Na'ibawa kafin su tafi da ƙuri'ar da aka ce an ba su?

Kuma kada a ce mana haka Allah Ya yi mu. A Abuja, inda INEC ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi shida, a watan Fabrairun 2022 APC ta ci uku, PDP ta ci uku. A nan gida, dattawanmu suna tuna zaɓen Disambar 1990, lokacin SDP da NRC, da aka yi layi a bayan hoton ɗan takara ana ƙirga mutane ido na ganin ido. Yana da nasa aibin, don ya tona asirin mai zaɓe a gaban mai unguwa da mai gidan haya, amma ba a san wanda zai ci ba sai da aka ƙirga. Abin kunya ne a ce a ƙarƙashin soja ana zullumin sakamako, a ƙarƙashin farar hula kuwa an san shi tun wata guda kafin ranar.

Ba mu ce INEC waliyyiya ba ce, Kanawa sun ga abin da ya faru a Gama a 2019. Amma ko dai a gyara tsarin mulki a karɓe wannan zaɓe daga hannun hukumomin jihohi, ko a cire naɗin shugabanninsu da kuɗinsu daga aljihun gwamna. Kafin nan akwai abin da majalisar jiha za ta iya yi gobe in ta so: ta mayar da kuɗin takarar kansila abin da malamin makaranta zai iya biya, ta kuma wajabta manna sakamakon kowace rumfa a jikin bangonta, a buga shi a jarida mazaɓa-mazaɓa. 'Yan hamayya su ma su daina gudu, su tsaya a kayar da su a gaban shaidu. Mu kuma masu unguwa, mu nemi kansilanmu mu san fuskarsa, mu tambaye shi nawa ya shigo Kumbotso a wata, nawa aka kashe a mazaɓarmu.

Malam Aminu Kano da abokansa sun sha ɗauri da bulala a hannun En'e don talaka ya sami bakin magana a kan wanda zai mulke shi a ƙofar gidansa. Yau duk ɓangarorin siyasar Kano suna rataye da hotonsa. Mu da muke riƙe da alƙalami, mafi ƙarancin abin da za mu yi shi ne mu daina ara wa wannan abu sunan da ba nasa ba. Inda mutum ɗaya ya rubuta sunaye 484 aka tara jama'a su yi tafi, Hausa tana da kalmarsa tun kafin zuwan Bature: naɗi. Allah Ya kyauta.