Sanyin Duniyar Mars Da Hikimar Maginan Katagum

Duk wanda ya kwana a Azare cikin watan Janairu ya san jaura. Amma wannan sanyi ba kome ba ne in aka gwada shi da na duniyar Mars, inda matsakaicin awo yake kamar digiri 60 ƙasa da sifiri. A wasu wurare yakan hau 20 da tsakar rana, dare na yi ya rikito, domin iskar can ba ta da kaurin riƙe zafi. Kumbon Viking na Amurka ya auna irin wannan sanyi tun 1976.

To, ƙaƙa baƙi za su zauna? Motar Perseverance, wadda ta sauka a 2021, da zafin nukiliya take ɗumama cikinta. Mutane kuwa, wasu masana sun ce a lulluɓe ɗakunansu da ƙasar wurin.

Ashe maginan Katagum sun riga su. Bangon tubali mai kauri yakan sha rana wuni guda, ya saki ɗumi da dare, tsofaffi kuma su hura wuta ƙarƙashin gadon ƙasa. Yau ana rushe soraye ana kafa bulo da kwano, ɗaki ya zama tanda da bazara, randa da hunturu. Ya kamata magidanta su sake tunani. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.