Mahaukaciyar guguwar teku: a sararinmu take farawa, a Karebiya take ɓarna

A ranar 28 ga Oktoba 2025, guguwar Melissa ta afka wa tsibirin Jamaika da iska mai gudun kilomita 295 a awa guda. Bankin Duniya ya ƙiyasta ɓarnar a dala miliyar 8.8, wato kashi 41 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Mai sauraron labarin a Maraɗi ko Tawa zai iya cewa ina ruwanmu, tunda ba mu da teku. Amma akasarin irin waɗannan guguwoyi daga sararin Sahel suke tasowa.

A lokacin damana, zafin Sahara da sanyin iskar tekun Gine suna haɗuwa, sai su haifar da jerin hadari da ke tafiya daga gabas zuwa yamma, kusan duk kwana uku zuwa biyar. Shi ne hadarin da manomi ke hange ta gabas. Yakan zubar da ruwa a Cadi, Nijar da Mali, sannan ya fita teku ta wajen Senegal da tsibiran Kap Ber. Yawancinsa a nan yake mutuwa. Wanda ya tarar da teku mai ɗumi, aƙalla digiri 26 da rabi, shi ke samun abinci: tururi ya tashi sama, ya zama girgije, ya saki zafi, zafin ya ƙara janyo iska daga ƙasa, juyawar duniya kuma ta sa abin ya riƙa kewaya kamar dutsen niƙa. Idan iskar ta kai kilomita 119 a awa, ta zama mahaukaciyar guguwa. Daga kilomita 252 ta shiga mataki na biyar, mafi muni. Masana sun nuna kusan kashi 85 cikin 100 na manyan guguwoyin Atlantika daga wannan hadari na Afirka suke fitowa, kuma Melissa na cikinsu. Ƙurar Sahara kuwa, idan ta bi su teku, takan busar da su.

Iska ce ake gani a talabijin tana kwashe rufi, amma ruwa ya fi kisa, ko dai teku ya hau tudu, ko ruwan sama ya cika koguna ya zabtare tsaunuka. Melissa ba ta sauka a Haiti ba, duk da haka fiye da mutum 40 suka mutu can, akasari sakamakon ambaliya. A Kuba, inda ta sauka kai tsaye, hukumomi sun kwashe fiye da mutum dubu 700 tun kafin isowarta, hasarar rayuka ta zo da sauƙi ƙwarai. Guguwa ɗaya ce. Bambancin shi ne gargaɗi da wuri da kuma wurin da za a kai mutane.

Ta fuskar arziki ma, nauyin ya danganta da mai ɗauka. Katrina ta yi wa Amurka ɓarnar kimanin dala miliyar 125 a 2005, wanda bai wuce kashi ɗaya cikin 100 na arzikinta na shekara ba. Maria kuwa, a 2017, ta ci fiye da ninki biyu na abin da tsibirin Dominika ke samarwa a shekara. Ƙaramar ƙasa da ke dogaro da ayaba, rake ko masu yawon buɗe ido takan rasa gona, otel, hanya da lantarki a dare guda, sannan ta ci bashi don gyara. Jamaika ta yi tanadi, ta sayi inshorar bala'i ta hannun Bankin Duniya, aka biya ta dala miliyan 150. Kuɗin sun taimaka, amma ba su kai kashi biyu cikin 100 na ɓarnar ba. Asusun biyan hasarar sauyin yanayi da aka amince da shi a taron Masar na 2022 har yanzu abin da ke cikinsa bai kai buƙata ba, alhali teku na ƙara ɗumi, guguwoyi na saurin ƙarfi.

Mu guguwar teku ba za ta taɓa iso mana ba, amma hadarin da ke haifarta shi ne ke faɗo mana. A damanar 2024 ambaliya ta kashe kusan mutum 400 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya da rabi, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe. Ilimin hasashen ma ba nesa yake ba, tunda cibiyoyin ACMAD da AGRHYMET duka a Yamai suke. Abin da ya rage shi ne saƙon ya fito daga ofis ya isa ga mai gidan ƙasa da ke bakin gulbi, cikin harshensa, ta rediyo ko salula, kuma ya san makarantar da zai kai iyalinsa tun ruwa bai shigo ba. Wannan aiki ne na magadan gari da masu unguwanni, kuma da rani ake shirya shi.